Burodin ɗiyata yana lalacewa kafin ta ci rabinsa

Tanti, assalamu alaikum. Daga Tawa nake rubuto miki. Ɗiyata mai shekara tara ta daɗe tana fama da zawo da kumburin ciki, kuma ba ta girma kamar sa'o'inta. Bayan yawon asibiti, a Yamai aka yi mata gwajin jini da na hanji, likita ya ce cutar siliyak ce, kada ta ƙara cin duk abin da alkama ta taɓa. Wata bakwai ke nan, kuma alhamdu lillahi ta fara murmurewa. Damuwata burodi ce. Da safe ƴan'uwanta uku suna shan shayi da burodi, ita tana kallonsu. Yayana da ke Yamai yana sayo mata burodin da babu alkama a ciki a wani babban kanti, da ɗan gato, yana aiko mana a mota. Kuɗin ƙunshi ɗaya ya isa ya sayi burodin gidanmu na kwanaki. Amma in na buɗe na bar shi a waje, kwana uku ya yi fumfuna. In na sa a firigo ya yi tauri yana marmashewa, ta ce kamar yashi take ci. Na taɓa jefa shi dunƙule a firiza, da na fitar ya jiƙe ya dagargaje. Ga ɗaukewar wuta. Sannan uwar mijina ta ce duk wannan iyayin Turawa ne, har takan gutsura mata burodin gida a ɓoye don tausayi. Maigidana ma ya fara cewa asarar kuɗi ce. In ce wa yayana ya daina ne?

Uwar yara huɗu, Tawa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki, Allah Ya ƙara wa yarinyar nan lafiya, Ya saka wa yayanki da alheri. Wata bakwai kina tsare kwanon yarinya a gidan da kowa ke cin alkama safe da yamma, wannan nauyi ne da sai wanda ya ɗauka ya san shi.

Kada ki ce masa ya daina. Burodin lafiyarsa lau, ajiyar ce ke kashe shi, kuma gyaranta ba ya bukatar ki sayi komai sai leda.

Bari in fara da firigo, tunda nan ne kowa ke fara kai shi. Kin san in kika kwaɓa fulawa kika wanke ƙullin a cikin ruwa, akwai wani abu mai danƙo kamar cingam da ke saura a hannunki. Shi ne gulutin, shi ke cutar da hanjin ɗiyarki, kuma shi ne ke riƙe burodin alkama ya yi laushi, ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba. Da aka cire shi, masu yin burodin ɗiyarki sai suka gina nasu da garin shinkafa da sitacin masara da na dankali ko na rogo, suka ƙara wani abu mai kama da ƙaro don ya haɗa su. Wato kusan dukkansa sitaci ne. Shi kuwa sitaci kin san halinsa tun daga tukunyarki. Tuwon shinkafa da aka kwashe da zafi laushi gare shi, in ya kwana ya yi tauri, in kika yi ɗumame ya sake saki. Haka burodin nan yake. Da zafin gashi sitacin ya sha ruwa ya kumbura, da ya huce sai ya fara tsukewa yana fitar da ruwan. Wannan tsukewar ta fi sauri a sanyin firigo, wajen digiri 4, fiye da a kan tebur. Shi ya sa kika ga ya zama yashi cikin kwana biyu. A firiza kuwa, inda sanyi ke kai digiri 18 ƙasa da sifiri, ruwan da ke ciki yana daskarewa inda yake, tsukewar ta kusa tsayawa cak, fumfuna ma ba ta iya tsiro. Don haka tunaninki na firiza daidai ne. Jefa shi dunƙule ne ya ɓata miki aiki.

Ranar da kika buɗe ƙunshi, ranar za ki daskarar da shi. Kada ki jira ya kwana biyu ki ga ya fara bushewa sannan ki tuna da firiza, domin yadda kika sa shi haka za ki fitar da shi, sanyi ba ya mayar da tsohon burodi sabo. Ki cire na cin wannan safiyar, sauran ki raba su yanka-yanka. In ba yankakke ba ne, ki yanka da wuƙa mai kaifi, ki ɗan yi masa kauri, don siririn yanka karyewa yake. Tsakanin kowane yanka da ɗan'uwansa ki sa guntun takardar gashin gato, in babu ki yayyanka sabuwar farar leda ki sa. Wannan ne zai hana su mannewa, ki riƙa zarar ɗaya ba tare da kin narkar da sauran ba. Ni na fi son in ƙulla su bibbiyu a ƙaramar leda, daidai cin yarinya na safiya ɗaya, in matse iskar ciki da tafin hannu a hankali kafin in ƙulle, sannan in jera ƙulle-ƙullen a cikin roba mai murfi. Ledar tana tsare shi daga iska, robar kuma tana tsare shi daga nauyin nama da kaji da za a ɗora a kai, da kuma warin kifi. Iskar nan ki ɗauke ta da muhimmanci. Ita ce ke zuƙe ruwan burodi a cikin firiza, ki ga gefensa ya yi fari ya bushe, ga ƙanƙara tsaba-tsaba a cikin ledar. In ƙanƙarar nan ta narke a kansa, shi ne jiƙewar da kika gani.

Ki manna takarda a jikin robar ki rubuta ranar da kika sa. Burodi a firiza mai kyau yana kai wata uku da ɗanɗanonsa, amma da yanayin wutarmu ni nakan ce a cinye cikin wata ɗaya zuwa mako shida.

Ki kuma duba irin firizar da kike da ita. In babbar nan ce ta kwance mai murfi a sama, kin huta. In kuwa ɗan akwatin nan ne da ke cikin firigo mai ƙofa ɗaya, ki duba taurarin da aka zana a murfinsa. Tauraro ɗaya sanyinsa digiri 6 ne ƙasa da sifiri, ajiyar mako guda ke nan. Biyu digiri 12 ne, wajen wata guda. Sai uku ko huɗu ne ke kai 18. Na kuma san gidaje da yawa a Tawa da Yamai firizarsu ta sana'a ce, ƙanƙara da zoɓo da yawur, yara suna buɗe ta sau ba adadi a yini. In taki haka take, robar yarinya ta tafi can ƙasa, a kusurwa, inda hannu ba ya yawan kaiwa kuma sanyi ya fi zama.

Ɗaukewar wuta ba ta kai yadda kike tsoro ba, aƙalla ga burodi. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙiyasta cewa firiza cikakka, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyinta wajen kwana biyu, mai rabi kuma kwana ɗaya. A bazarar Tawa, cikin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ki rage wannan lissafin, amma ɗaukewar awa biyar ko shida ba za ta taɓa shi ba muddin murfi na rufe. Abin yi shi ne ki cike duk gurbin da ya rage da gorunan ruwa ko ledojin ruwa su daskare, su ne za su riƙe sanyin. Kuma in wuta ta tafi, a hana yara leƙawa. Ga wata dabara da nake amfani da ita in zan yi tafiya: ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ki ɗora dala biyar a kan ƙanƙarar, ki bar shi ciki. In kin dawo kika tarar da kuɗin a sama, da alama ba abin da ya narke. In ya nutse ƙasan kofi, to firizar ta narke ta sake daskarewa ba ki nan. Burodi zalla da ya narke ya sake daskarewa ba ya cutarwa in babu fumfuna ko wari, ɗanɗanonsa ne kawai zai ragu, sai ki yi saurin amfani da shi. Gato mai kirim ko madara a ciki shi ne ba a yi masa wannan sassaucin. In ya narke ya ɗumama na sama da awa biyu, a zubar, ko nawa aka saye shi.

Haka ma fumfuna. Na san zafin zubar da abu mai tsada, na san hannu yana son ya yanke wurin da ya yi kore ya ba da sauran. Kada ki yi. Burodi abu ne mai laushi da ƙofofi, saiwar fumfuna tana ratsa cikinsa fiye da inda ido ke gani, kuma daskarewa ba ta kashe ta. Da damina, da iska ke da laima, ko kwana ukun da kika ce ba lalle ya kai ba.

Yanzu wurin da na fi so ki ba hankalinki, wato fitarwa, domin nan ne za a san ko yarinya za ta ci da marmari ko za ta ture. Burodin da babu gulutin ba a cinsa da sanyi. Ko sabo ne daga ƙunshi, sai ya ji wuta yake nuna daɗinsa, kamar dai ɗumamen da na ambata. Kada ki fitar da shi tun dare ki bar shi ya narke a kan tebur. Da safe, ruwan shayi na kan wuta, ki zaro ƙulli ɗaya, ki ɗora yankan a daskarensu kan kasko da wuta kaɗan, ki rufe da murfi. Murfin yana tara tururin da ke fita daga burodin ya mayar masa, cikin ya yi laushi. Bayan kamar minti biyu ki juya, ki cire murfin, ki ɗiga ɗan man shanu ko bota, ki bar shi ya yi ja-ja. Za ki ji gardinsa tun daga bakin ƙofa. Ta ci nan take, da ɗuminsa, don in ya huce taurin yana dawowa, har ya fi na farko.

In irin ƙananan dunƙulallun nan ne, ki yayyafa musu ruwa kaɗan da yatsu, ki sa a tukunya mai kauri da kika shimfiɗa wa yashi ko ƴan duwatsu a ƙasa kamar yadda ake gasa gato a gida, ki ɗora su a kan faranti a ciki, ki rufe, minti goma ya isa. Akwai ma waɗanda ake sayarwa da rabin gashi, an rubuta a jiki cewa sai an ƙarasa su a tanda. Irin waɗannan in aka ci haka nan ba su da daɗi ko kaɗan, mutane da yawa sun yanke wa burodin nan hukunci ne a kan irinsu ba su karanta ba. In kuma taushi take so ba gardi ba, madambaci na nan: ki naɗe yankan a tsabtataccen ƙyalle, ki turara minti biyu zuwa uku. Sai dai madambacin da ake turara kuskus ɗin alkama a ciki sai an wanke ƙofofinsa sosai, ko a ware mata nata.

Wanda ya riga ya bushe a firigo, in bai yi fumfuna ba, bai zama asara ba. Ki kaɗa ƙwai da madara da ɗan sukari, ki tsoma yankan ya sha, ki soya a mai kaɗan. Na ga yaran da suka ƙi burodin nan fur suka dawo suna roƙon a yi musu shi haka. Marmashin da ke taruwa a gindin ƙunshi ma ki tara a leda ɗaya a firiza, ranar da za ki yi ƙwallon nama ko na kifi ki zuba a ciki ya haɗa miki shi, kowa a gidan ya ci daga kwano ɗaya.

Na lakol kuwa, ki gasa, ki bar shi ya sha iska kaɗan don kada ya yi gumi, ki shafa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da zuma, ki naɗe. Ƙwai da mayonez ba su jure zama a jaka cikin zafinmu har tsakar rana.

Gato ya fi burodi sauƙin sha'ani, saboda mai da sukarin da ke cikinsa suna riƙe masa laushi. Ki naɗe kowane ɗaya daban, ki fitar rabin awa kafin ci, ki bar shi ya narke a cikin ledarsa don gumin ya tsaya a bayan leda. Biskit mai ƙaras-ƙaras ba ruwansa da firiza, kwalba mai murfi mai kyau ta ishe shi.

Akwai abin da za ki faɗa wa yayanki. Kada ya daskarar da kayan a Yamai kafin ya aiko. Tsakaninku sama da kilomita 500 ne, ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, kusan yini guda a mota, duk abin da ya shiga a daskare zai iso a jiƙe. Yawancin burodin nan da ake shigowa da shi daga Turai, irin na Schär na Italiya ko Gerblé na Faransa, an zuƙe iskar cikin ƙunshinsa an maye ta da wata iskar da ke hana fumfuna, shi ya sa yake watanni a kan kanta ba tare da sanyi ba. Muddin ba a huda ledar ba, a tsare yake. Don haka ya zaɓi irin wannan, ya duba babu huji, ya sa a kwali don kada kaya su danne shi, ya roƙa kada a ɗora inda rana za ta buge shi. Ke ma da ya iso, wanda ba a buɗe ba ki ajiye a ɗaki mafi sanyi a gidan, ba sai ya cinye miki wuri a firiza ba, ki riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan ƙunshi sun fi manya amfani a gare ki, wasu kamfanonin ma suna raba ƙunshi ɗaya gida biyu, kowane da rufinsa. Ya duba kwanan wata kafin ya biya, domin kayan da suka yi doguwar tafiya kafin su iso kanti sau da yawa kwanansu ya matso. In an rubuta "à consommer de préférence avant", maganar ɗanɗano ce, kuma in ranar ta kusa sai ki buɗe ki daskarar kafin ta cika. In "à consommer jusqu'au" ne, wannan iyaka ce, ba a wuce ta. Ya nemi rubutun "sans gluten" ko hoton zangarniyar alkama da aka ja wa layi. A jerin kayan haɗi kuma kalmomin da za ku guda su ne blé da orge da seigle da malt, wato alkama da sha'ir da danginsu. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta a fito da irin waɗannan a fili a rubutun, galibi da baƙi mai kauri, don haka ba su da wuyar gani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gaton da aka gasa a gidan burodin da ke aikin fulawa dare da rana, ko da an ce da garin shinkafa aka yi. Ƙurar fulawa tana yawo a iska, tana sauka a kan komai.

Wannan ya kawo ni ga kicin ɗinki. Sanyi ba ya kashe gulutin, wuta ma ba ta kashe shi, domin ba ƙwayar cuta ba ce. Ma'aunin da hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci a duniya ta sa wa abincin da za a kira maras gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. In kika lissafa, giram ɗaya ke nan a cikin buhu mai kilo 50. Kin ga ashe marmashin da ya maƙale a wuƙa ba ƙaramin abu ba ne. Ki ware mata wuƙarta da farantin yankanta, kada ya zama na katako don yana riƙe marmashi a tsagoginsa, da kwalbar botarta da ba a tsoma wuƙar burodin gida a ciki. Kaskonta in ba za a ware ba, a wanke da sabulu kafin nata, kuma nata a fara yi.

Zan faɗa miki wata magana da wataƙila ba ki tambaya ba, amma ita ce amsar maigidanki. Burodin nan ba shi ne zai gina jikin ɗiyarki ba. Sitaci ne mafi yawansa, geron da ke rumbun Adar ya fi shi sinadarin ƙarfe da ke gina jini, ya fi shi ƙosarwa. Allah Ya yi mana gata a ƙasar nan, abincinmu na asali kusan duk halal ne gare ta: fura, kunu, tuwon gero da na dawa da na masara, shinkafa da wake, dambu da zogale, ƙosai, rogo, dankali, acca, cuku, nama da ƙwai.  Abin lura kawai shi ne inda fulawa ke shiga a ɓoye: masar da aka ƙara wa fulawa don ta tashi, ɗanwake, ƙosan da aka soya a man da aka soya fanke, injin niƙan da ya gama niƙa alkama, da wasu dunƙulen miya, waɗanda sai an karanta takardarsu. To in haka ne, me burodin ke yi? Aikinsa shi ne wancan zaman na safe da kika kwatanta, yara uku da burodi a hannu, ɗaya tana kallo. Yarinya mai shekara tara da ke jin an ware ta kullum, wata rana za ta karɓi gutsuren da aka miƙa mata a lakol ta ci a ɓoye, kuma ba za ki ga laifinta ba. Yanka biyu masu ɗumi a gabanta suna tsare ta daga wannan. Ba sai kullum ba. Kwana uku a mako ya isa, sauran kwanakin kuma ki juya abin: gidan duka a karya da kunu da ƙosai ko masar shinkafa ta gida, kowa ya ci irin nata. Da wannan lissafin, ƙunshin da ke lalacewa cikin kwana uku zai kai ki mako biyu ko fiye, ba a zubar da ko yanka ɗaya ba. Ki nuna wa maigida robar da ranar da ke rubuce a jiki. Ina kyautata zaton zubarwar ce ke masa ciwo, ba sayen ba.

Saura Hajiya, uwar mijinki. Ki riƙe a ranki cewa ƙauna ce ke sa ta gutsura, jikarta take gani tana haɗiyar yawu. Amma gutsuren nan yana yin ɓarna ko da yarinya ba ta yi zawo a ranar ba. Cikin ƙaramin hanji akwai wasu ƴan tsirai kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. A jikin mai siliyak, duk lokacin da gulutin ya shiga, garkuwar jikinta da kanta take far musu har su kwanta, abinci ya riƙa wucewa ba ya kama jiki. Sake tsirowarsu na ɗaukar watanni. Wato kina gini, ana rushewa a bayanki.

Batun cewa cutar Turawa ce, gaskiya ne likitan da ya gano alkama ce sanadi Bature ne, Willem Dicke na ƙasar Holan, wanda ya lura yaran da ke jinya sun samu sauƙi lokacin yunwar ƙarshen yaƙin duniya na biyu da burodi ya ɓace, ya kuma rubuta bincikensa a 1950. Amma ɗaya daga cikin wuraren da aka fi samun cutar a duniya yana nan cikin Sahararmu. A 1999 likita Carlo Catassi da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa yaran Sahrawi kusan dubu ɗaya, suka samu cutar a jikin sama da biyar cikin ɗari, alhali a duniya ana lissafin wajen ɗaya cikin ɗari. Mutanen hamada ne masu raƙuma da shayi kamar maƙwabtanku na Azawak, waɗanda fulawa ta zama babban abincinsu a sansanonin gudun hijira. A wurinmu gwajin ne ya yi ƙaranci, yara da yawa ana ta ba su maganin tsutsa da na shawara ba a san alkama ce ba.

Sai dai wannan bayani ba daga bakinki ya kamata Hajiya ta ji shi ba. Suruka ba ta koya wa uwar miji rainon yaro, ko da gaskiya a hannunta. Ki zauna da maigida cikin natsuwa, shi ya yi mata magana, ya nuna mata nauyin yarinya na da da na yanzu a takardar asibiti. In za a koma ganin likita a Yamai, a roƙe ta ta yi rakiya ta ji da kunnenta, gani ya kori ji. A wannan zuwan ki tambayi likitan batun gwada sauran yaran uku, domin cutar tana bin jini, wajen ɗaya cikin goma na ƴan'uwa na kusa ana samunsu da ita, wasu ba tare da wata alama ba. Kada ki cire musu alkama kafin gwajin, in an cire sakamakon ba ya fitowa daidai.

Sannan kada ki bar hannun Hajiya wayam. Kaka da aka ce wa kada ki ba ta wannan, kada ki ba ta wancan, ba a ba ta abin da za ta bayar ba, za ta koma ga burodin. Ki samo gwangwani mai murfi ki cika da dabino da soyayyar gyaɗa da cuku da nakiyar da kika san yadda aka yi ta, ki kai ɗakinta, ki ce wannan na jikarta ne, ita kaɗai ke da ikon buɗewa. Gaton da ke firiza ma ki mayar da shi nata. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ki fitar da ɗaya, ki bari ya narke a ledarsa, ki sa a faranti ki kai mata, ita ta kira yarinyar ta ba ta da hannunta.

Ki gaishe min da ita Hajiyar, ki shafa min kan yarinya. In kwalin yayanki na gaba ya iso, ki gwada da ƙunshi ɗaya tukuna, ki rubuto min yadda kaskon ya yi da safe.